Asirin da Ke Cikin Nassi: Na Mallaka Ne ko Na Gyaran Hali?

Akwai wata kalma a harshenmu wadda muke aiki da ita ta fuska uku, amma da wuya mu tsaya mu yi tunani a kanta. Kalmar ita ce "asiri". A cikin Misa mai tsarki, bayan an keɓe gurasa da ruwan inabi, Fada yakan kira jama'a su shaida asirin bangaskiya. Haka kuma idan muna jan Rosari, asirai ne muke tunawa. A bakin kasuwa kuwa, idan aka ce an yi wa wane asiri, kowa ya san ba alheri ake nufi ba: sammu ne, ko kurciya, ko mallaka. Sa'an nan idan dattijo ya ɗaga hannu yana roƙon Allah, abin da yakan fi nema wa kansa da iyalinsa shi ne rufin asiri, wato ci da sha da suturar da za su hana shi tozarta a idon jama'a.

To, idan akwai asiri a cikin Littafi Mai Tsarki, wane iri ne daga cikin ukun nan? Tambayar ta shafi gidajenmu. A ƙasar Kazaure, daga Achilafiya zuwa Roni da Gwiwa, har Babura ta bakin iyaka, sa'ad da damina ta yi gardama gero ya ƙi yin ido, ko yaro ya daɗe a kwance, ko bashi ya hana maigida barci, a lokacin ne wani yakan matso kusa ya ce akwai hanya. Ya ce akwai Zabura kaza da ake karantawa sau kaza a tsakar dare, da sunan wani mala'ika da ake kira, kuma wai wannan shi ne ilimin sirri na Yahudawa wanda Ikkilisiya take ɓoye wa talakawa. A dā a ƙananan littattafai ake sayar da irin wannan. Yanzu har cikin wayar hannu yake iske mutum. Saboda haka ya kamata mu san abin da malaman sirri na Yahudawa suka koyar a gaskiya. Abin da za mu tarar shi ne, manyansu sun nemi asirin Nassi ne domin halin mutum ya koma kama da halin Mahaliccinsa.

Me ya haɗa mu da Yahudawa?

Yawancinmu ba mu taɓa haɗuwa da Bayahude ido da ido ba, amma kowace Lahadi da littattafansu muke sujada. Attaura da Annabawa da Zabura daga hannunsu muka karɓa. Ubangijinmu Yesu, da Uwarsa Maryamu, da Manzanni, duk Yahudawa ne. A ranar 28 ga Oktoba 1965, Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da sanarwar nan mai suna Nostra Aetate, inda ta haramta ƙiyayya ga Yahudawa, ta kuma ƙarfafa a san juna ta hanyar nazarin Nassi. A ranar 13 ga Afrilu 1986, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya zo Kaduna a 1982, ya shiga babban ɗakin ibadar Yahudawa na birnin Roma, ya kira su yayyenmu.

Tarihi ma bai raba mu da su sarai ba. Akwai Yahudawa 'yan kasuwa a Tuwat, wani zango na Sahara da ayarin fatake ke bi ta cikinsa zuwa ƙasar Sudan. Wajen 1492 aka rushe ɗakin ibadarsu na Tamantit bisa fatawar Shehu Maghili, malamin nan da ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A wannan shekara ce kuma sarakunan Sifaniya, Ferdinand da Isabella, waɗanda 'yan Katolika ne kamar mu, suka kori Yahudawa daga ƙasarsu. Waɗansu daga cikin zuriyar korarrun suka yada zango a Safad, wani gari a kan tuddan Galili, inda ilimin da muke magana a kansa ya kai ƙololuwarsa. Mu riƙe wannan a rai: ilimi ne da ya girma a hannun mutanen da suka san zafin rasa gida da gona.

Lambu mai ƙofa huɗu

Sunan ilimin Kabbala, ma'anarsa abin da aka karɓa daga magabata. Babban littafinsa Zohar, wato Haske, wanda ya ɓulla a Sifaniya a ƙarshen ƙarni na 13 ta hannun Musa na Leyon, wanda ya rasu a 1305. Malaman wannan fanni sun ce Nassi yana da hawa huɗu: peshat, ma'anar zahiri, remez, ishara, derash, wa'azi, da sod, asiri. Idan aka haɗa haruffan farko na kalmomin nan huɗu sai a sami "pardes", wato lambu. Asalin kalmar daga harshen Farisa ne, kuma ita ce ta zo mana ta Larabci a matsayin Firdausi. Zohar ya kamanta labaran Attaura da riga, dokokinta da jiki, asirinta kuma da rai. Ya zargi wanda ya tsaya ga kallon riga kaɗai da wauta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Maƙwabtanmu Musulmi sun san zahiri da baɗini. Ikkilisiya ma tun dā tana karanta Nassi ta fuska huɗu, kamar yadda Katekisim na 1992 ya maimaita a sashe na 115 zuwa 119. Yohanna Kasiyan, a ƙarni na 5, ya ba da misali da Urushalima: a zahiri birni ne na Yahudawa, a misali Ikkilisiya ce, a fuskar hali ran mutum ne, a fuskar bege kuma birninmu ne na sama. Sai dai malaman ɓangarorin biyu sun kafa shinge iri ɗaya. Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya ce aya ba ta rabuwa da ma'anarta ta zahiri. Waliyyi Toma Akwinas shi ma ya koyar cewa dukan sauran ma'anoni a kan ta zahiri suke tsaye. Wanda ya ce ya gano a ƙarƙashin aya wani abu da ya saɓa wa abin da ayar take faɗa a fili, son zuciyarsa ya gano.

Talmud ya kuma ba da labarin malamai huɗu da suka shiga lambun nan. Ben Azzai ya duba ya mutu. Ben Zoma ya duba ya taɓu. Elisha ɗan Abuya ya sassare dashe, wato ya bar addini. Malam Akiba kaɗai ya shiga lafiya ya fito lafiya. Mutanen da suka fi kowa ƙaunar asiri su ne suka ajiye wannan gargaɗi a bakin ƙofa: cikin huɗu, uku sun cutu.

Haruffa da lissafi

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi ita ce gematriya, wato lissafin haruffa. A Ibrananci kowane harafi yana da adadi: alef 1, bet 2, gimel 3, dalet 4. Duk wanda ya zauna kusa da makarantar allo zai gane wannan, gama haka abajada take farawa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4. Da wannan lissafi ne marubuta waƙoƙinmu na ajami suke sa ramzin shekara a ƙarshen waƙa. Ƙasar Hausa ta fitar da masani a wannan fanni, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan tsarin hatimai na lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Mai Bishara Matiyu ma ya jera asalin Yesu kashi uku, kowane kashi tsara 14, kuma haruffan sunan Dawuda a Ibrananci idan aka tara su 14 suke bayarwa.

Ga misalin yadda malaman kirki suka yi aiki da lissafin. Kalmar ehad, wato "ɗaya", adadinta 13 ne. Kalmar ahaba, wato "ƙauna", ita ma 13 ce. Idan aka haɗa su sai a sami 26, adadin Sunan Allah mai haruffa huɗu da aka bayyana wa Annabi Musa. Darasin da suka fitar shi ne, inda haɗin kai da ƙauna suka gamu, a nan Sunan yake sauka. Lissafin bai ƙara wa kowa iko a kan ɗan'uwansa ba. Ya zama kamar ƙulli a bakin zane, don kada a manta da gaskiyar da Nassi ya riga ya faɗa a fili.

Amma sa'ad da aka mai da lissafin ya zama duba, sai aka sha wuya. Waɗansu sun fitar daga Zohar cewa 1648 ita ce shekarar fansa. A shekarar ne 'yan tawayen Kosak suka karkashe dubban Yahudawa a ƙasashen Yukren da Folan. A 1665 wani mutumin Izmir mai suna Shabbatai Zebi ya ce shi ne Almasihu, masana asiri suka kawo ayoyi da lissafi don gaskata shi, mutane da yawa suka sayar da dukiyarsu suna shirin tafiya Urushalima. A 1666 aka gurfanar da shi a fadar Sarkin Turkawa, sai ya bar addinin Yahudanci don ya tsira da ransa. Bayan irin wannan ɓarna, malaman Yahudawa da suka taru a garin Brodi a 1756 suka hana wanda bai kai shekara 30 ba karatun Zohar, suka kuma sa iyakar shekara 40 ga littattafan da suka fi shi zurfi. Mu ma mun ga masu sa wa Allah rana, da masu fassara kowace lamba ta zama annabci. Ubangijinmu ya riga ya gaya wa Manzanni cewa sanin lokatai da zamanai ba nasu ba ne (Ayyukan Manzanni 1:7).

Littafin da ba na Musa ba

Akwai littafin da ya daɗe yana yawo a Nijeriya da sunan Littafin Musa na Shida da na Bakwai, cike da hatimai da sunayen ruhohi, har da yadda wai za a yi aiki da Zabura don biyan buƙata. Littattafan Annabi Musa biyar ne, a wurin Yahudawa da wurinmu. Wannan kuwa wani mai sayar da littattafai ne, Yohan Shaibil, ya buga shi a birnin Stuttgart na Jamus a 1849, daga baya kamfanin De Laurence na Shikago a Amurka ya riƙa aiko da shi Afirka ta Yamma ta gidan waya. Ba ya cikin littattafai masu tsarki na Yahudawa.

Gaskiya ne a cikin Yahudawa ma an sami masu rubuta layu da masu kiran sunayen mala'iku, kamar yadda ake samu a kowace al'umma. Amma manyan malamansu sun tsawatar. Musa ɗan Maimun, masanin shari'a kuma likita, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya yi kakkausan suka ga masu tofa aya a kan rauni ko ɗora littafi mai tsarki a kan yaro don ya yi barci. Hujjarsa ita ce, sun mai da maganar Attaura maganin jiki alhali maganin rai ce. Malaman Safad su ma sun gargaɗi almajiransu kada su yi aiki da sunaye masu tsarki don neman abin duniya. Attaura kanta ta hana duba da sihiri (Maimaitawar Shari'a 18:10-12). A Sabon Alkawari mun ga Siman mai sihiri wanda ya so ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki da kuɗi, Bitrus ya tsawata masa (Ayyukan Manzanni 8), da kuma mutanen Afisa da suka ƙone littattafan sihirinsu waɗanda kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19).

Ibada da niyya

A nan wani mai hankali zai ce: Fada, ai mu ma muna da ruwa mai tsarki, da gicciye a wuya, da Rosari mai ƙididdiga. Mene ne bambancinsu da laya? Tambaya ce mai kyau, kuma malaman Yahudawa suna taimaka mana wajen amsa ta. Suna da kalmar kawwana, wadda ta yi daidai da niyya: tattara zuciya ta fuskanci Allah a lokacin ibada. Wajen shekara ta 1080, Bahya ɗan Fakuda na Saragosa ya rubuta littafi da Larabci a kan farillan zuciya, domin ya ga mutane sun kula da farillan gaɓoɓi sun bar na ciki. Ya kamanta addu'ar da babu zuciya a cikinta da jikin da babu rai.

Mutanen Safad sun nuna wannan a aikace. Da yammacin Juma'a sukan sa fararen kaya su fita bayan gari su tarbi Asabar kamar yadda ake tarbar amarya. Sun gaskata cewa Shekina, wato zatin Allah da ke zaune tare da jama'arsa, tana gudun hijira tare da su, kuma kowace ibada da aka yi da zuciya ɗaya tana rage wannan rabuwa. Sunan nan mai haruffa huɗu kuwa ba sa furta shi, sai su ce Adonai, wato Ubangiji. Bahaushe ya san irin wannan kunya: matar kirki ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Girmamawa ce da ƙauna. A 2008 fadar Paparoma ta tunatar da mu cewa kada a furta wannan Suna a cikin sujadarmu. To, dubi nisan da ke tsakanin mai jin kunyar Sunan da mai neman ya riƙe Sunan kamar linzami.

Bambancin ke nan. Mai addu'a roƙo yake yi, yana barin hukunci a hannun Allah, kamar yadda Yesu ya yi a Getsamani. Mai asiri kuwa so yake ya tilasta: in na faɗi kaza sau kaza, dole kaza ya faru. Kada mu ɗauka cewa mun tsira don kayanmu na Coci ne. Katekisim, a sashe na 2111, ya ce wanda ya jingina amfanin addu'a ko alamun sakramenti ga yinsu na zahiri kawai, ba tare da shirin zuciya ba, ya faɗa cikin camfi. Wanda ya yayyafa ruwa mai tsarki a kan iyakar gona yana fatan maƙwabcinsa ya kwanta ciwo, ko ya karanta Zabura ta 109 da sunan facalarsa ko abokin gabarsa a rai, asiri na biyu yake yi, ko da Rosari yana rataye a wuyansa.

Dabinon Debora

Yanzu mun iso zuciyar maganar. Musa Kordobero, wanda ya rayu daga 1522 zuwa 1570, yana cikin manyan malaman Safad. Ya rubuta manyan littattafai a kan sefirot, wato siffofi goma waɗanda masu Kabbala suka ce ta cikinsu ne Allah marar iyaka yake bayyana kansa, kamar hikima, alheri, ƙarfi da jinƙai. Amma littafinsa da ya fi shiga hannun jama'a ƙarami ne, mai babi goma, sunansa Dabinon Debora. Tushensa shi ne, tun da an halicci mutum cikin kamannin Allah, abin kunya ne ya yi kama da Mahaliccinsa a siffa amma ya saɓa masa a aiki.

Kordobero ya ɗauki ayoyi uku na ƙarshen littafin Annabi Mika (7:18-20), ya fitar da halaye 13 na jinƙan Allah daga cikinsu, ya ce kowane ɗaya aiki ne da ke kan mutum. Na farko: a daidai lokacin da mutum yake saɓon Allah, Allah ne yake ba shi numfashi da ƙarfin da yake saɓon da su, bai kuwa janye ba, haka kai ma, kada ka janye alherinka daga wanda ya ci mutuncinka. Wani kuma: Allah da kansa yake wanke dattin mai zunubi, ba ya aiko ɗan aike; haka kai ma, kada ka ce ba ruwanka da gyaran ɓarnar wani. Wani kuma: Allah ba ya riƙe fushi ko da mai laifi bai gama tuba ba. Ya bi gaɓoɓin mutum ɗaya ɗaya: goshi kada ya yi tauri, kunne kada ya karɓi tsegumi, ido kada ya nemi aibin wani, fuska ta zama a sake ga kowa, baki kada ya fitar da la'ana. Har ya hana a tumɓuke tsiro ko a kashe wata halitta ba tare da dalili ba.

Ishaku Luriya, wanda ya zauna a Safad ya rasu a 1572 yana ɗan shekara 38, ya ƙara wani tunani. Ya tambaya: idan Allah ya cika ko'ina, ina halitta ta sami wuri? Ya amsa cewa Allah ya takure kansa ne don ya ba halitta fili, abin da ya kira tsimtsum. Ya kuma ce duniya kamar tukwane ce da suka fashe, haske ya warwatse cikin katanga (sakaina da tsingaro), aikin mutum kuma shi ne tikkun, wato gyara. Ba mu karɓi wannan a matsayin koyarwar Ikkilisiya ba, amma darasinsa a fili yake. Idan Maɗaukaki yana matsawa don ƙarami ya sami wurin zama, yaya maigida zai cinye tabarma duka, matarsa ba ta da ta cewa? Yaya shugaban kwamiti, ko katekis, ko Fada, zai hana na ƙasa da shi numfashi? Waliyyi Bulus ya nuna mana wanda ya wofintar da kansa ya ɗauki siffar bawa (Filibiyawa 2:7).

Mu lura da inda asiri mafi zurfi ya kai waɗannan malamai. Ya kai su ga haƙuri da mai laifi, da kame baki daga aibin maƙwabci, da ciyar da wanda bai cancanta ba. Wannan shi ne Bahaushe yake kira rufin asiri. Asiri na farko, na bangaskiya, idan na gaskiya ne, a asiri na uku yake ƙarewa. Abin da Ubangijinmu ya umarta ke nan sa'ad da ya ce mu yi koyi da jinƙan Ubanmu (Luka 6:36).

Ashe hali ba zanen dutse ba ne?

Ga wata hujja mai nauyi daga bakin magabatanmu: hali zanen dutse. Idan haka ne, wa'azin gyaran hali ɓata lokaci ne. Mai zafin rai zai mutu da zafin ransa, marowaci da rowarsa. Karin maganar yana da gaskiyarsa, gama duk wanda ya yi ƙoƙarin barin wata ɗabi'a ya san ba a yini ɗaya ake yi ba. Wannan ma na cikin abin da yake sa asiri na biyu yake da farin jini: ya fi sauƙi a nemi abin da zai juya zuciyar wani da a zauna ana sassaƙa tāka.

Amma malaman Yahudawa suna ba da labarin Akiban nan da ya fito lambu lafiya. Sun ce makiyayi ne da bai iya karatu ba har ya kai shekara 40. Wata rana ya ga dutse a bakin rijiya wanda ruwa ya ƙwaƙule, ya tambayi abin da ya yi wannan aiki, aka ce masa ɗigon ruwa ne na kullum. Sai ya ce a ransa, in ruwa mai taushi ya huda dutse, maganar Allah za ta iya huda zuciyarsa. Ya tafi ya zauna tare da yara ya fara daga harafin farko. Mu da muke zaune kusa da duwatsun Kazaure da Roni mun san wannan da idonmu. Dubi dutsen niƙa na kakarka yadda ya yi kwari, dubi bakin tsohuwar rijiya yadda igiyar guga ta yi masa zane. Dutse yana karɓar sabon zane, sai dai a hankali. Mu Kirista kuma muna da alkawarin da ya fi wannan, cewa Allah da kansa zai cire zuciyar dutse ya sa ta nama (Ezekiyel 36:26). Alherin Allah ne yake yin aikin, ta wurin Ikirari da Yukaristi da addu'ar kullum. Namu shi ne mu ajiye dutsen a inda ruwa yake ɗiga.

Inda muka rabu, da ma'aunin da za mu riƙe

Girmama yayyenmu ba ya nufin mu sa musu maganarmu a baki, ko mu haɗiye tasu duka. Siffofi goma na Kabbala ba su ne Triniti Mai Tsarki ba. Da yawa daga cikin masu Kabbala sun koyar cewa rai yana sāke dawowa cikin wani jiki. Ikkilisiya ba ta yarda da wannan ba (Ibraniyawa 9:27). Su suna jiran Almasihu, mu kuwa mun shaida cewa ya zo. A wurinmu asirin da yake ɓoye tun zamanai an bayyana shi cikin Kristi (Kolosiyawa 1:26), shi kuwa a fili ya yi koyarwarsa (Yohanna 18:20). Saboda haka babu wata aya da Bishop ko Fada ya kulle a akwati. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba, amma take zuwa Misa da zuciya ɗaya, take kuma raba ɗan tuwonta da maraya, ta riƙe asirin gaba ɗaya.

Idan wani ya kawo maka abin da ya kira ilimin sirri, auna shi da tambayoyi uku. Na ɗaya, sai an biya kuɗi kuma an ɓoye wa jama'ar Allah kafin ya yi aiki? Na biyu, a kan wa za a yi shi, kuma za ka yarda mutumin ya ji abin da kake faɗa? Na uku, wanda ya daɗe yana yinsa, ya ƙara haƙuri da gaskiya da riƙon amana, ko kuwa ya ƙara tsoro da zargin dangi? Waliyyi Bulus ya riga ya yanke hukunci: ko mutum ya san dukan asirai, in ba shi da ƙauna, ba komai ba ne (1 Korantiyawa 13:2).

Wanda yake da irin littattafan nan ko layu a gida, ya kawo wa Fada ko katekis ba tare da jin tsoro ba. Za a rufa masa asiri. Marar lafiya a kai shi asibiti, a kuma kira Fada domin addu'a da shafewa. Kowane gida kuma, da yammacin Asabar, a taru a karanta ayoyin nan uku na Annabi Mika, kowa ya zaɓi hali ɗaya da zai yi aiki a kansa har wata ya ƙare: wani ya bar tsegumi, wani ya gai da maƙwabcin da suka yi rigimar iyakar gona, wani ya ɗaga wa mai bashi ƙafa har kaka. Allah na Ibrahim da Ishaku da Yakubu, Uban Ubangijinmu Yesu Kristi, ya rufa mana asiri, ya kuma sa mu zama masu rufa wa juna. Amin.